Ranar ɗaurin aure nake fara tambaya

A shekarata ta farko ina aikin tafinta a wata ƙungiyar taimakon baƙi a Bronx, unguwar da 'yan Gana da Nijar suka yi yawa a birnin New York, wani dattijo direban tasi ya shigo da takardu a cikin leda. Uwargidansa ta yi sama da shekara 20 tana aikin jinya, ana cire mata harajin Social Security, wato tsarin fansho na gwamnatin Amurka, kafin Allah ya yi mata rasuwa. Yana son ya ji ko yana da rabo a fanshonta. Da na ji ya sake aure, ban ko kwance ledar ba na ce, "Baba, sai haƙuri, sabon aure ya yanke wannan." Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya zura ledarsa a aljihun babbar riga ya tafi.

Ashe karambani na yi. Dokar Amurka shekarun mutum a ranar da aka ɗaura sabon auren take dubawa. Wanda ya sake aure kafin ya cika 60 ya fita daga layi muddin auren na nan, amma idan an rabu ko amaryar ta rasu, haƙƙinsa ya dawo. Wanda ya yi bayan 60 (ko 50 ga mai naƙasa) babu abin da ya taɓa shi. Baba yana da 62 aka ɗaura nasa.

Har da wani tunani da na taso da shi, wai gadon fanshon mamaci na mata masu takaba ne kawai. Tun 1977 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin sai miji ya nuna matar ce ke ɗauke da shi, shari'ar da Ruth Bader Ginsburg, wadda daga baya ta zama alƙaliya a kotun, ta tsaya wa tun tana lauya.

Sai da na bi masallaci uku kafin na samo Baba don in gyara kuskurena. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ɗana, da ka buɗe ledar."

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne wani da dangi suka matsa wa, wai namiji ba ya zaman gwauro. Aka ɗaura masa yana da 59 da wata bakwai. Da an jinkirta wata biyar, da yana iya karɓar kashi 71.5 cikin ɗari na fanshon marigayiyar daga shekara 60. Na yi masa lissafin a bayan ambulan, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko lokacin La'asar ya yi.