Ranar da duk ƙ ɗinmu suka koma alamar tambaya

Tunda ranar Juma'a zan ajiye aiki a nan, bari in faɗi abin da ya faru da fayil ɗin fassarar nan da har yau ake mini ba'a da shi, saboda labarin da ke yawo a ofis rabi ne kawai.

Waɗanda muke tare a lokacin sun san ni aka ba aikin fitar da jimlolin daga database, wato rumbun ajiyar bayananmu, zuwa CSV, fayil ɗin tebur da ake buɗewa a Excel, don a tura wa masu dubawa. Na rubuta ɗan sikirif, wato ƙaramin shirin kwamfuta, da yaren Python a kwamfutar Windows ɗin da aka ba ni, na kunna, sai ya tsaya da UnicodeEncodeError wai ba zai iya rubuta harafi kaza ba. A lokacin wallahi ban san cewa idan ka ce open() don buɗe fayil a Windows ba ka faɗi encoding ba, wato tsarin ajiye haruffa, yawanci tsarin cp1252 yake ɗauka ba, ba UTF-8 mai ɗaukar kowane harafi ba. Shi kuma cp1252 gurbi 256 kawai gare shi, é da ñ da ü suna ciki saboda don Turawan yamma aka yi shi, amma ɓ ɗ ƙ ƴ babu su sam. Kwamfutar gaskiya take gaya mini, ni na ɗauka taurin kai take.

Na je wajen oga na ce ga matsala fa, ya ce, kalmominsa ke nan ban ƙara ba, "kai dai ka sa ya wuce, ƙarfe biyar nake so". To na sa ya wuce. Na samu wani abu a intanet, errors="replace", mai sa ? a gurbin duk harafin da ya gagara rubutawa, na liƙa, ero ya ɓace, fayil ya fito, na ji kamar na ci jarrabawa. Kuskure na biyu wanda shi ne ya kashe ni, bayan masu dubawa sun gama sai muka loda gyararren fayil ɗin kan na asali, babu bakof, wato kwafin ajiya, na kusa.

Washegari aka buɗe, duk inda akwai harafi mai ƙugiya ya zama ?. Kun san me ya fi ciwo? ƙ da ɗ da ɓ duka alama ɗaya suka koma. Ka ga "?ari", to ƙari ne ko ɗari ne ko ɓari? Babu wani nemo-ka-musanya da zai gyara wannan, sai mutum ya karanta jimlar ya gane da kansa. Sati biyu na yi ina bin layi-layi har idona ya fara ganin ? a mafarki.

A nan na koyi bambancin da ya kamata a ce wani ya zaunar da ni ya koya mini tun ranar farko. Idan ka buɗe fayil ka ga Ã© a maimakon é, ko Æ™ a maimakon ƙ, kar hankalinka ya tashi, rubutunka na nan lafiya lau. UTF-8 yana ajiye ƙ da bayit biyu ne, wato lambobi biyu na kwamfuta, C6 da 99, sai manhajar da ta buɗe ta karanta kowanne daban da idon cp1252, C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Ka rufe ba tare da ka danna save ba, ka sake buɗewa da UTF-8, shi ke nan. Amma alamar tambayar da aka riga aka rubuta cikin fayil, wannan harafin ya tafi, ko su Ken Thompson da Rob Pike da suka ƙirƙiro UTF-8 a 1992 ba za su dawo maka da shi ba. Ni kuwa na zaɓi shirun da ke kashewa don in guje wa ihun da ke ceto.

A mitin ɗin da ya biyo baya oga ya ce "rashin kula ne daga ma'aikaci". Bai ambaci ƙarfe biyar ɗinsa ba, ni ma ban ambata ba, na yi shiru na sha. Laifina ne na yarda, amma ba nawa kaɗai ba ne, kuma ya sani.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Kullum ka rubuta encoding="utf-8" da hannunka ko da kana ganin ba sai an yi ba. A Excel ka zaɓi CSV UTF-8, kar ka zaɓi CSV ɗin nan na da. In kana so Excel ya buɗe fayil ɗinka daidai da dannawa biyu ka yi amfani da utf-8-sig, bayit uku ne yake sawa a farko, EF BB BF, su Excel ke dubawa. A manhajar database ta MySQL kuma utf8mb4 ne UTF-8 na gaske, tsohon utf8 ɗinsa bayit uku ne iyakarsa, emoji ba ya shiga.

Ɗan gwajin nan da ke tsayar da komai idan ya ga ? a tsakiyar kalma, ni na rubuta shi bayan sati biyun nan, ba wanda ya sa ni. Sau uku ya kama fayil ɗin oga da kansa. Yana cikin fodar tests, wanda zai gaje ni don Allah kar ya cire shi.