Ba batir ba ne, haɗin wayarka ne

Ƙannena masu koyon aikin sola, musamman ku da kuka shigo harkar bayan 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya kowa ya ruga sayen panno, wato farantin sola, akwai maganar da na daɗe ina son in yi muku, kuma ba daga littafi na ɗauko ta ba, daga kunyar da na sha ne a garin nan na Damagaram. Duk aikin da ya taɓa lalace mini, in na bi sawu na bi sawu, ƙarshe a wuri ɗaya nake tsayawa, wato inda waya ta haɗu da waya. Panno da wuya ya ba ka matsala, regilater ma, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, in mai kyau ne yana shekaru, amma wannan ɗan wurin da bai kai tsawon yatsa ba wanda muke rufewa da skoc mu sauko, shi ne ke cin mutuncin ma'aikaci.

Aikina na farko ni kaɗai bayan na bar hannun maigidana, wani mai shago ne a Sabon Gari mai saida ruwan sanyi da ƙanƙara. Panno 2 na wat 250, batir 2, da firigo. Wayar da ta zo jikin panno ba ta kai ƙasa ba, to ni a lokacin me na sani, na yanke kawunan da suka zo da ita na yar, wai suna ɓata mini lokaci, na feƙe waya na murɗa da wata da haƙori da pens, na naɗe da baƙin skoc har ya yi ƙulu kamar dunƙulen fura, na bar shi kwance bisa kwano na sauko ina jin kaina. Wuta ta kawo, mai shago ya yi ta sa albarka. Wata 5 lafiya lau. Da zafi ya shigo sai ya fara kirana, firigo na mutuwa tun kafin tsakar dare, ni kuma ko hawa sama ban yi ba na ce masa batir ne, ai batiran yanzu duk jabu ne. Bawan Allah ya ciwo bashi ya sayi sabbi. Ba a yi wata 3 ba su ma suka fara wannan halin.

Maigidana na je na roƙa ya zo ya duba mini. Bai ko kalli batir ba, ya ce kawo tsani. Ƙarfe 1 na rana muka hau, ya ce yaro taɓa nan. Wallahi sai da na janye hannu. Skoc ɗin ya narke ya zame, gam ɗinsa ya zama kamar kwalta, jan ƙarfen ya yi baƙi ya yi kore, silin wayar rabi sun karye. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni ɗin da ya fi mini sauƙi, cewa kawai ya yi, batir 4 ka kashe wa mutumin nan da skoc na dala 20.

Lissafin da ya yi mini a ƙasa da tsinke har yau ina riƙe da shi. Panno 2 ɗin nan da tsakar rana suna turo kamar amper 16. In haɗinka ya yi tsatsa ya zama yana tare wuta ko da om 0.1 ne, zafin da zai fita a wurin amper sau amper ne sau wannan om ɗin, wato 16 sau 16 sau 0.1, wat 25 da ɗoriya ke nan, daidai da ɗan ƙarfen dalma na masu gyaran rediyo, ka kunna shi cikin skoc bisa kwano tun safe har la'asar kullum. Ga kuma bolt 1.6 da ya salwanta a hanya bai kai ga batir ba, batirin ruwa kuwa in ya yi ta kwana bai cika ba farantansa ke daskarewa ya mutu. Ku lura da amper sau amper ɗin nan, shi ne dalilin da ya sa murɗin da ke riƙe ƙwan fitila ɗaya a ɗaki shekara 10 ba zai riƙe sola ba. A 12 bolt, konbertiser, mai mayar da wutar batir irin ta gida, na wat 1000 yana jan sama da amper 80 daga batir. Wannan ba wutar wasa ba ce.

Kuma garinmu ba ya yafe wa irin wannan aiki. Watan 4 da na 5 inuwa ma ta wuce digiri 40 balle saman kwano, da dare ya huce, ƙarfe ya buɗe ya tsuke ya buɗe ya tsuke har murɗin ya saki, hunturu ya cusa masa ƙura, ruwan farko ya zo ya jiƙa ƙurar. Sai bango ya tsage ai ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan sai na koma ɗan dalma, komai in liƙe da dalma, har ina yi wa abokai dariya. Dalma ta fi murɗi nesa ba kusa ba, ban musa ba, amma ita ma ta kunyata ni. Na riƙa shafa wa bakin waya dalma kafin in sa ta cikin ramin regilater in ɗaure bis, ina ganin tsabta ce. Ashe dalma taushi gare ta, a hankali take lotsawa ƙarƙashin bis, bayan ƴan watanni sai ka tarar haɗin yana rawa, ya yi zafi, robar regilater ta narke a wurin. Na wani gida a Birni haka ya yi, ni na biya daga aljihuna. Sannan dalma tana bin cikin silin waya ta sandare ta, inda sandarar ta ƙare nan take karyewa in iska na kaɗa ta. Bakin waya mai sili-sili ɗan bututun ƙarfen nan ake sa masa a matse, shi ya fi.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa a wani lambu ne wajen Mirya, famfon rijiya mai panno 8 a jere ɗaya bayan ɗaya, bolt ya haura 300. A lokacin na waye, na san MC4, waɗannan baƙaƙen kawunan namiji da mace da ke zuwa jikin panno, waɗanda na yanke na yar a Sabon Gari. An yi su ne don waje, suna da roba ciki da ke hana ruwa da ƙura, suna kulle kansu. Lamba 4 ɗin ma kaurin tsinken cikinsa ne, milimita 4. To amma pens ɗinsa na musamman na ga tsadarsa na ce ai duk matsi matsi ne, na kama kunnuwan ƙarfen da pens na gama-gari na lanƙwasa, na ɗan buga da guduma. Kuskure na biyu, namijin na wani kamfani ne macen ta wani, na tsinto su a kasuwar Dole wuri daban-daban, sun shiga juna har sun yi ƙas, na ce shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne. Kowane kamfani da awonsa da irin ƙarfensa, da ido iri ɗaya ne amma a ciki ba su kama juna sosai, masu yin na asali ma da kansu suna hana a gauraya.

Alhajin mai lambun ya kira ni ya ce famfo na tsayawa yana tashi. Na je da rana tsaka na ga kan ɗaya ya kumbura ya yi fari-fari, sai kawai na kama na fizge shi famfo na cikin aiki. Wata wuta shuɗiya ta biyo tsakanin kawunan biyu tana tsuwa, ba ta mutu ba sai da na wurgar, ta bar mini tabo a babban yatsa, ga busasshen karan gero jibge a ƙasan pannon, Allah ne kawai ya kiyaye lambun mutane. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, tana ratsa sifili sau 100, shi ya sa tartsatsinta ke saurin mutuwa da kansa. Ta panno hanya ɗaya take bi ba ta tsayawa, in ta kama sai ta yi ta ci kamar walda. Rubutun da ke jikin kan MC4 cewa kar a cire shi yana ɗauke da wuta, ba ado ba ne. Kashe disjonkter, wato makunnin da ke yanke wutar layin, tukuna, in babu ka rufe panno da bargo ko ka jira magariba, aikin ba gudu zai yi ba.

A satin da abin ya faru na sayi pens ɗin MC4. Kuɗinsa bai kai rabin batir ɗaya ba.

Yanzu ga yadda nake yi, wanda ya ga dama ya ɗauka. Kafin komai ina auna tazara da igiya in yanko waya guda tun daga panno har regilater ba gutsure, don haɗin da ya fi kowane kyau shi ne wanda babu shi. Wayar sama ta sola ce ta asali mai riga biyu, 4 ko 6 milimita murabba'i gwargwadon nisa da amper, ba wayar cikin ɗaki ba da rana ke farfasa rigarta. In dole sai an ƙara tsawo a sama, MC4 ne na kamfani ɗaya namiji da mace, in feƙe kamar milimita 7 ba tare da na yanke sili ko ɗaya ba, in matse da pens ɗinsa, sannan in ja da ƙarfina, in ta zare to gara ta zare a hannuna, in tura cikin gidan sai na ji ƙas, in ɗaure bayan. Ba na barinsa kwance a kwano inda ruwa ke bi, ɗaure shi nake ƙarƙashin panno cikin inuwa. Ƙananan mahaɗan waya irin su domino da masu ɗan hannun nan na Wago suna da amfaninsu amma cikin akwati a ɗaki, kuma ka karanta amper ɗin da aka rubuta a jiki, kar ka kai su layin batir da konbertiser. Can kos ne, wato bakin waya mai rami da ake ɗaurewa kan batir, na jan ƙarfe daidai kaurin waya, a matse shi da babban pens, a sa masa robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, mai gam a ciki ta fi. Kos ɗin ya kwanta kai tsaye bisa kan batir, rondel, wato ɗan zoben ƙarfen nan, daga sama yake zuwa, kar ka sa shi a tsakani, na taɓa yi, ƙarfen rondel ba ya wuce da wuta kamar jan ƙarfe, ya yi zafi har ya narka kan batir. Fizibil kuma, mai tsinkewa in wuta ta yi yawa, a sa shi kusa da batir, ko mai gida ya ce ba shi da kuɗinsa.

Sai maganar waya mai araha, araha dai ba ta ado. Akwai wadda alminiyom ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki ita ce, ko ka kunna masa birike, na alminiyom nan take zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe na gaske ja zai yi ya tsaya. Alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 na wutar jan ƙarfe yake ɗauka in kaurinsu ɗaya, kuma in ka haɗa shi da jan ƙarfe danshi ya shiga, cin juna suke har wurin ya zama gari. Ni a gaban mai shago nake gwadawa, wasu su ji haushi, wasu su yi dariya su shiga ciki su ɗauko ta gasken.

In na gama aiki ba na karɓar cikon kuɗina ranar. Washegari da azahar nake komawa, lokacin da rana ta fi ƙarfi kuma an kunna komai, in bi haɗi ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu ta kan roba, wanda ya fi wayar da ke gefensa ɗumi in kashe wuta in sake shi. Bayan wata ɗaya in sake leƙawa da turnabis in ƙara ɗaure bis ɗin regilater da na disjonkter, kusan kullum sai na samu wanda ya ɗan saki. Mai shagon Sabon Gari kuwa sai da na yi shekara 2 ina canza hanya in na hango shi, daga baya na je na faɗa masa gaskiyar abin da ya kashe batiransa, ya yi shiru ya ce to ai ya wuce, ya miƙo mini ruwan sanyi. Har yau in aikinsa ya tashi ni yake kira, ni kuma ban taɓa karɓar kuɗin hannu a wurinsa ba.