Dokar Leda Ta Hau Kan Mai Sayar da Kaya ta Intanet Ma

Galibin masu sayar da kaya ta WhatsApp da Facebook a Garwa da Marwa da Gaundere, a arewacin Kamaru, sun ɗauka cewa dokar hana leda ta masu shago ce da 'yan kasuwar cikin rumfa, tunda su cinikinsu a waya yake ƙarewa, kuɗin kuma ta Orange Money ko Mobile Money suke shigowa. Wannan fahimta ba daidai ba ce, domin duk cinikin da aka ƙulla ta waya, ƙarshensa ƙunshi ne da za a miƙa wa mai mashin ko a kai tashar motocin safa, kuma a kan wannan ƙunshin dokar take magana.

A ranar 24 ga Oktoba 2012 ma'aikatar muhalli da ma'aikatar kasuwanci ta Kamaru suka fitar da umarni na haɗin gwiwa kan abubuwan naɗe kaya waɗanda ba sa ruɓewa, aka ba 'yan kasuwa wa'adi, sannan ya fara aiki a Afrilun 2014. Ya haramta ledar da ba ta ruɓewa idan kaurinta bai wuce maikiron 60 ba, wato milimita 0.06. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne haramcin bai tsaya kan ƙerawa da shigowa da sayarwa ba, ya haɗa da ajiye ta da ba da ita kyauta. Ashe wadda ta naɗe turmin atamfa a baƙar leda mai laushi ta aika wa mai saye a Kusiri ta shiga cikin lissafin, ko da ba ta karɓi ko sisi a kan ledar ba. Wanda kayansa za su haye gada zuwa Injamena, babban birnin Chadi, kuwa sai ya ƙara kula, domin a 2010 hukumar birnin, ƙarƙashin magajiyar gari Marie-Thérèse Mbaïlemdana, ta tsananta hana leda ƙwarai.

Na san amsar da ake bayarwa, cewa ledar tana nan jingim a kasuwa, ana tsallako da ita ta kan iyaka, jami'ai kuma sai jefi-jefi suke kai samame. Gaskiya ne. Sai dai sakacin mai tsaro ba ya halatta abin da aka hana, kuma ranar da aka yi samamen, kwace kayan da tarar a kan wanda aka same ta a hannunsa suke sauka. Ban da haka, mu da muke zaune cikin makiyaya ba ma bukatar wani ya yi mana bayanin illarta: mahauta suna fito da curin leda daga tumbin shanu da awaki, magudanun ruwa kuma suna toshewa da ita duk damina.

A ganina, gyaran yana farawa ne daga wurin sayen abin naɗi. Leda mai kauri da doka ta yarda da ita tana ɗauke da rubutu a jikinta, wanda ya nuna kaurinta da sunan masana'antar da ta yi ta da adireshinta. Idan babu wannan rubutun, a bar ta komai arharta. A kuma karɓi takardar shaidar saye daga dillalin a adana, domin ita ce za ta yi magana a madadin mai kaya idan an tare ƙunshi a hanya.

Kaya da yawa ma ba sa bukatar leda sam. Takalmin fata ko jakar da aka ɗinka a Marwa, takarda mai kauri da ƙaramin kwali sun ishe su, har sun fi, saboda fata tana gumi a cikin leda idan ta kwana a zafin but. Kwalbar humra ana ɗaure bakinta, a naɗe ta da ƙyallen da ya rage wurin tela, a tsayar da ita a kwalin da ya yi daidai da ita, a cusa yagaggiyar takarda a kusurwoyi har sai an girgiza ba a ji motsi ba. Kilishi dama da takarda aka san shi, amma a nemi sabuwa mai tsabta, ba ta buhun siminti ko jarida ba, tunda mai yana jawo tawada da ƙura cikin nama. Inda leda ta zama dole shi ne lokacin damina, idan kaya za su hau saman mota ko su bi jirgin ƙasa daga Gaundere zuwa Yawunde. A nan guda ɗaya mai kauri, wadda mai saye zai sake amfani da ita, ta fi siraran leda biyar da aka lafta wa salatif.

Masu burin aika kayan fata ko turare zuwa Turai suna da ƙarin aiki. Jamus tana bukatar duk mai aika wa mazaunanta kaya a ƙunshe ya yi rajista a kundin LUCID, ya kuma biya kuɗin sarrafa sharar ƙunshinsa, manyan kasuwannin intanet kuma ba sa barin wanda bai yi ba ya sayar. Tarayyar Turai ta kafa sabuwar doka mai lamba 2025/40 wadda ta tanadi cewa daga 2030 sararin banza a cikin ƙunshin cinikin intanet kada ya wuce rabi, kuma abin da aka cusa don cike gurbi a sararin banza ake ƙirga shi.

Batun girman kwali ya shafe mu tun yanzu, domin a tasha da ido ake yanke kuɗin saƙo, babban kwali kuma babban kuɗi yake jawowa ko da rabinsa iska ce. Wanda ya tara odar mako ta gari ɗaya ya aika a tafiya guda, wakilinsa a can ya rarraba, ya rage kuɗin mota da yawan abin naɗi gaba ɗaya, muddin ya sanar da masu saye ranar tashin kaya kafin su biya.