Fim ɗin da na rasa gane waye bos a ciki

Mu da muka taso da kallon Indiya da Chana, minti goma ya ishe mu mu gane waye jarumi waye bos, daga nan kuma sai jiran lokacin da bos zai sha kashi. To akwai wani katun na Japan da ya rikita min wannan lissafin gaba ɗaya, sunansa Princess Mononoke, Hayao Miyazaki ne ya yi shi a kamfaninsu na Studio Ghibli, ya fito a 1997. Sama da awa biyu ana gwabzawa tsakanin mutane da daji amma har aka rubuta ƙarshe ban samu wanda zan tsana da zuciya ɗaya ba.

Labarin a taƙaice, wani yarima ne Ashitaka, wani ƙaton aladen daji da ya haukace ya afka wa ƙauyensu, ya kashe shi amma la'anar dabbar ta kama masa hannu. Da aka duba gawar sai aka tarar da dunƙulen ƙarfe a ciki, ashe harbinsa aka yi, zafin ne ya mai da shi dodo. Yaron ya bi sawun ƙarfen nan har wani gari da ake narka tama a bakin kurmi, inda wata mata Eboshi ke mulki. Su suna sare itace suna tonon ƙasa, dabbobi kuma suna kawo musu hari, a cikin dabbobin har da wata yarinya San wadda kyarkeci ya raine ta, ta tsani ɗan Adam duk da ita ma ɗin mutum ce.

Eboshi kam ita ce ta hana ni sakat. A ƙa'ida ita ya kamata ta zama bos, ita ke ƙone daji, ita ke ƙera bindiga, ita ce ma ta je ta harbe kan ruhin dajin mai siffar barewa. Amma matar nan ita ce ke bi tana fansar mata daga gidajen karuwai ta kawo su ta ba su aikin zuga wuta, suna ci suna ƙoshi suna faɗa wa mazajensu magana son ransu, kuma ita ce ta tattaro kutare da kowa ya guje su ta wanke musu miki da hannunta ta ba su sana'a. Yanzu fisabilillahi ka je ka ce wa waɗannan matan a rufe maƙera saboda kyarkeci ya samu wurin kwana, me kake jin za su ce maka? Kuma ta ɗaya ɓangaren dabbobin ma ba waliyyai ba ne, aladun nan taurin kai ne ya kai su ga halaka, an gaya musu tarko ne suka ce sai sun shiga.

Abin da ya sa ya taɓa ni sosai, mu a Bauchi ba baƙon labari ba ne. Duk wanda ya shiga Yankari ya wuce wanka a ruwan ɗumi na Wikki kawai, ya san akwai tsofaffin wuraren narka tama a cikin dajin, murahun ƙasa na mutanen da can suna nan a tsaye har yau. Wato kafin a killace wurin a 1956 akwai waɗanda ke zaune ciki suna ƙona itace suna fitar da ƙarfe, kuma da wannan ƙarfen aka yi fartanya da gatari da aka ci abinci. Yau kuma rigimar ta sauya kaya ne kawai, giwa ta fito cikin dare ta tattake gonar masara a ƙauyukan Alkaleri, mai gona ya wayi gari abincin shekara ya tafi, kai kuma kana cikin gari kana rubuta a Facebook cewa a kare giwaye don sun kusa ƙarewa a Najeriya. Gaskiya ka faɗa, shi ma mai gonar kukansa gaskiya ne. Haka masu gawayi, ina jin haushin buhunan nan da ake jerawa a bakin titi kamar me, amma ranar da gas ya ƙare a gida kuɗin cikawa ya gagara, wa ake aika yaro wurinsa?

Akwai wani fim kuma na abokin aikin Miyazaki, Isao Takahata, Pom Poko, na 1994, shi da dariya yake farawa. Wasu dabbobi ne da ake kira tanuki, dangin dila, waɗanda a tatsuniyar Japan suna iya rikiɗa, sai aka zo ana rushe tsaunukan Tama da ke gefen Tokyo don gina rukunin gidaje, kuma aikin nan da gaske an yi shi tun daga shekarun 1960. Suka yi ta dabara, su lalata motocin aiki, su tsorata lebura, ƙarshe suka haɗa gagarumin faretin fatalwa a tsakiyar unguwa don mutane su firgita su gudu, sai jama'a suka fito suna tafi, wani mai wurin wasan yara ma ya fito ya ce ai tallarsa ce. Wallahi wurin nan na yi dariya kuma abin ya min ciwo. Ba su ci yaƙin ba fa. Masu iya rikiɗa suka zama mutane suka kama aikin ofis, sauran suka koma bin bola. Idan ka ga yadda Gombe ke faɗaɗa, inda jiya gona ce yau an yanka fuloti an kafa bulo, za ka gane fim ɗin ba sai an maka fassara ba.

Nausicaä na 1984, shi ma fim ɗin Miyazaki ne, ba zan daɗe a kai ba, can gaba ne bayan yaƙi ya cinye duniya, wani daji mai guba yana yaɗuwa mutane na ta ƙoƙarin ƙone shi, ashe shi ke tace dafin da su suka zuba a ƙasa. Miyazaki ya ce abin da ya faru a Minamata na cikin abin da ya zaburar da shi, garin da masana'anta ta riƙa zuba ruwan dafi a teku mutane suka ci kifi suka kamu da ciwon jijiya, aka gano cutar a 1956. Yana da kyau, sai dai jarumar, yarinyar da fim ɗin ya ci sunanta, ta cika zama ta gari, ni na fi son masu tabo.

Na san wasu za su ce ai finafinan cike suke da allolin daji da ruhohi, e haka ne, daga addininsu na Shinto abin ya samo asali, kuma ba aƙidarmu ba ce, kallon labari nake masa ba wa'azi ba. Amma mu ma kakanninmu ai ba sa sa wa tsamiya ko tsohuwar kuka gatari haka kawai, ana cewa da mutanen ɓoye a ciki. Ilimi ya zo tsoron ya tafi, wanda hakan daidai ne, sai dai ba mu sa komai a gurbinsa ba, alhali a addininmu akwai ladan dasa itace, akwai hanin sare shi ko a fagen yaƙi, ba kasafai kake jin an yi huɗuba a kai ba.

Inda nake da ja da Mononoke shi ne ƙarshensa. Bayan komai ya ƙone, an mayar wa ruhin dajin kan nasa da aka harbe, sai kawai ciyawa ta tsiro tsaunuka suka yi kore shar cikin ɗan lokaci, Eboshi da hannu ɗaya ta ce za a sake gina gari mai kyau. Wannan kam sai Japan, ƙasar da ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya kuma kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarsu daji ne har gobe. Mu nan damina wata huɗu zuwa biyar ce, sauran shekara iska da rana da akuya. Kiryar da maƙera da masu gawayi suka fi so, in aka kayar da babba ɗaya yau, wanda ya sare ta ba zai ga wata ta kai girmanta a wurin ba, ɗansa ma sai an yi sa'a akuya ba ta riga shi ba.