Abin da faɗuwar ROOT ta koya mini kafin in bar aiki

Yanzu da na bar sashen, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa game da laburaren C++ (tarin umarnin kwamfuta a harshen C++ da wasu shirye-shirye ke kira) da na rubuta domin nazarin bayananmu. Kamar yadda abokan aiki suka sani, muna loda shi ne cikin ROOT, manhajar nazarin bayanai da aka ƙirƙira a CERN, cibiyar binciken kimiyyar lissafi ta Turai, a tsakiyar shekarun 1990, kuma an yi lokacin da take faɗuwa ana tsaka da aiki, ta bar mana saƙon nan na "segmentation violation", wato shiri ya taɓa wurin da ba shi da izini a ma'adanar kwamfuta. Shugaban sashe ya ga sunan laburarena a saman jerin kiraye-kirayen da manhajar ke fitarwa idan ta faɗi, shi ke nan sai ya yanke hukunci a taron mako, a gaban kowa, cewa aikina ne bai nuna ba.

Ban yi musu ba. Na sake harhaɗa laburaren da alamar -g ba tare da ingantawa ba, domin lambobin layi su fito daidai, sannan na ɗora gdb, manhajar bin sawun kurakurai, a kan root.exe, domin shi ne ainihin shirin da ke aiki. Wannan ya nuna mini inda aka faɗi kawai. Valgrind ne, manhajar da ke bincikar yadda shiri ke amfani da ma'adana, tare da fayil ɗin tace ƙorafe-ƙorafe da ke zuwa da ROOT, ya nuna inda aka yi ɓarnar: wani tsohon shiri na shi shugaban yana rufe fayil, alhali a ROOT fayil ɗin ne ke mallakar histogiram (jadawalin ƙidayar bayanai) ɗin da ke cikinsa, yana rufuwa sai ya share su. Daga nan sai a miƙa wa laburarena adireshin abin da babu shi, ya taɓa, ya faɗi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Layi ɗaya na SetDirectory(nullptr), wanda ke raba histogiram da fayil ɗin, kafin rufe fayil ya kawar da matsalar, amma a rahoton wata an rubuta cewa an gyara matsalar laburare, kuma ba a janye maganar taro ba.

Ga wanda zai gaje ni, kada ya amince da sunan da ke saman jeri sai ya gano wanda ya ware gurbin ma'adanar da wanda ya sake shi. Ya kuma sake harhaɗa laburaren duk lokacin da aka sauya sigar ROOT, kuma ya riƙa ajiye abin da Valgrind ya fitar a rubuce kafin ya shiga taro.