Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ganyen da ake sani tun yana fure

A makon jiya na tsaya a inda muka tare a yammacin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kusa da garin Cherokee, maigidana yana aikin asibiti, ni kuma ina gida da goyo. Kewar ganye ta dame ni ƙwarai a lokacin. Alayyahun kanti ruwa ne zalla, da ya ji wuta sai ya narke. Kwaɗon rama nake kwana da shi a rai, in tashi da shi.

Maƙwabciyata wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Cherokee. Da na yi mata ƙorafi sai ta ce su ma suna da nasu ganyen, sochan, amma sai bazarar can ake cinsa. Duk da haka, a watan Agusta ta ja ni bakin wani rafi da ke gangarowa ta bayan filin danginta. Na ce mata me za mu je yi tunda ba lokacinsa ba ne? Ta ce, “'Yata, wanda bai san shi da furensa ba, idan ya fito ƙarami zai tsinko abin da zai kwantar da shi.”

Tsiron ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, wani yakan kai mita 3. Furen rawaya ne, amma fiffikensa ba sa miƙewa, zubowa suke ƙasa su bar tsakiya a tsaye, kore-kore, mai ɗan tsini. Wannan tsakiyar ta fara nuna mini, domin akwai ɗan'uwansa gajere da ke fitowa a gefen titi, tsakiyarsa baƙa, ganyensa duk gashi. Sai ta kama hannuna ta ɗora a kan karan sochan ɗin: santsi ne, da ɗan fari-fari a jiki. Kusa da shi akwai wani dogo mai rawayan fure, shi kuwa kararsa tana da tudu-tudu siriri daga sama har ƙasa, yatsa ke gane shi kafin ido. Ganyen sochan na ƙasa manya ne, a tsattsage gida uku zuwa bakwai, na sama ƙanana. Saiwarsa tana tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, don haka inda ya yi fure bana nan zai tsiro baɗi. Ta kafa turke a wurin muka dawo.

Da dare maigidana ya binciko sunansa na masana, Rudbeckia laciniata, har da cewa a Japan hana shuka shi aka yi saboda yadda yake cinye wuri. Na ce ikon Allah, abincin wasu annobar wasu.

A watan Afrilu muka koma gindin turken. Saman ganyen kaɗai ake tsinka, ɓangaren da suke cewa ƙafar talotalo, a bar saiwa. Tana tsinka tana ba ni labarin gandun dajin Great Smoky Mountains da ke gabanmu. An kafa shi a 1934 a kan ƙasar kakanninsu, doka ta hana cire tsiro a ciki, sai a 2019 aka yi yarjejeniyar da ta ba wasu 'yan ƙabilar takardar izinin tsinkar sochan. Ba ta ɗaga murya ba, amma na ga ran da take faɗa da shi.

Su suna tafasa shi su tsiyaye ruwan, sannan su soya da kitsen alade. Nawa ta soya da man kanti ba tare da na ce komai ba. Ragowar na kwaɗanta da tunkuzar kwalba, albasa da yaji. Yana da ƙamshin daji mai ƙarfi, da ɗan ɗaci a ƙarshe.

Na kira Inna na faɗa mata. Ta ce, “Ke da kike shayarwa za ki ci ciyawar da ba ki sani ba?” Na ce, “Inna, wallahi na san shi, har kararsa na shafa.” Ta ce to in busar mata da shi in aiko ta gani. Abin da ya faru da wannan ƙullin a hannun kwastan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.