Mako na shida: Camaro ta hau taya, Boss 302 ta koma samfefa

'Yan'uwa masu harhaɗa ƙananan motocin roba, barkanmu da aiki. Kun san tun watan jiya nake fama da biyu a tebur ɗaya, Chevrolet Camaro Z/28 da Ford Mustang Boss 302, duka ƙirar 1969, a ma'aunin 1:25.

Camaro ta hau tayoyinta shekaranjiya. Injinta na shafa masa ruwan lemo irin na Chevrolet, na Mustang kuma shuɗi. Mustang ɗin ce ta ba ni wahala: na yi gaggawar fesa fenti na biyu na farko bai bushe ba, ya tattare a bonet kamar fatar tsohuwa. Na koma samfefa. Ku ba fentin farko kwana guda cur, kada ku biye mini.

Da na jera injinan biyu sai na ga kamar wa da ƙani. Akwai dalili. Dokar tseren motoci na Trans-Am a Amurka ta lokacin ta hana inji wuce lita 5, kuma dole kamfani ya sayar wa jama'a irin motar da zai shiga tsere da ita. Shi ya sa girman kowane inji ya tsaya a kubik inci 302, kusan lita 4.9, da giya huɗu ta hannu, kuma kowanne aka rubuta masa ƙarfin doki 290. Chevrolet ta ɗauki karanshaf na injin 283 ta saka a gangar jikin 327. Ford kuwa ta ɗora tof silinda irin na injinta Cleveland mai manyan bawul a kan ɗayan injinta, Windsor. A filin tsere Camaro ce ta ci kambun 1969 da Mark Donohue a sitiyari, Ford ta rama a 1970 da Parnelli Jones. Abin dariya, Larry Shinoda da ya tsara adon Boss daga General Motors, kamfanin da ya mallaki Chevrolet, ya zo.

Wajen masu tara motocin gaske ne suka rabu. An ƙera Z/28 guda 20,302 a 1969, Boss 302 kuwa 1,628 kacal. Sannan lambar bodin Boss tana ɗauke da harafin G da ke shaida injinta, alhali ta Camaro ba ta nuna cewa Z/28 ce, don haka jabu ta yi yawa. Sai mai saye ya bi lambar DZ a jikin inji da takardun asali. Da ina da kuɗin gwanjo, Boss zan ɗaga wa hannu, ko da yake a tebur Camaro ta fi shiga raina.

Saura sitikar gefen Mustang, mai lanƙwasa kamar harafin C. Na yaga ɗaya tun tana cikin ruwa, ragowar guda ce tak. Wanda ya taɓa manna irinta a kan lanƙwasar ƙofa ba ta yi kumfa ba, don Allah ya faɗa mini da ruwan ɗumi ya jiƙa ta ko na sanyi.